A Shekarar Itace Aka Haife Ta

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025, ƙarfe 7:40 na safe, tashar jirgin ƙasa ta Greenbelt

Gwaggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Na san ba kya ɗaga waya idan kina bakin aiki a asibiti, shi ya sa na rubuto.

Na yi kuskure a wurin aiki, kuma ba wanda ya gano tukuna. Jibi ɗan gidan tarihinmu na Silver Spring zai buɗe nunin kalandar Sinawa ta gargajiya. A tsarinsu ana jingina shekara da ɗaya daga abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, kowanne shekara biyu a jere. Wani mutum, Raymond, ya ara mana hoton mahaifiyarsa da ta rasu bara. A bayan hoton an rubuta ranar haihuwarta, 20 ga Janairu, 1946. Na duba jadawali, na ga 1946 ta wuta ce, na rubuta haka. Ashe sabuwar shekararsu ba ta kama ba sai 2 ga Fabrairu. A ta itace aka haife ta.

An riga an buga littafin bayani, kwafi ɗari uku. Saura kwana takwas watannin gwajina su cika. Idan na faɗa wa shugabata, Constance, ina tsoron ba za a riƙe ni ba. Me zan yi?

'Yarki,
Umaima

Germantown, Alhamis da hantsi

Umaima,

Wa alaikis salam. Da na ga wuta da itace na ɗauka duba kika koma yi. To ke da kullum kike gyara mini lissafin Muharram, ya aka yi kika zaci shekarar kowa daga Janairu take farawa?

Matar ta rasu, ba za ta gyara miki ba. Ɗanta kuwa zai tsaya ya karanta. Ki samu Constance kafin azahar, kada ki ja zance. Amma ki karya kumallo tukuna, na san halinki.

Gwaggonki

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe 4:15 na yamma

Gwaggo,

Barka da yamma. Na faɗa mata ranar Alhamis, ƙarfe 11:05. Ta cire tabarau ta ce, "Kin tabbata wannan karon?" Na nuna mata littattafai biyu da suka tabbatar da ranar. Jiya na wuni ina liƙa gyara a kowane kwafi.

Yau Raymond ya tsaya minti shida a gaban hoton. Ya shafa gefen gyaran da ɗan yatsa, ya sa littafin a aljihu. Constance ta ce in same ta a ofis Litinin ƙarfe tara.

Ga abin da ban sani ba:

1. Ko ya ɓanɓare gyaran a gida ya ga abin da ke ƙasa.
2. Ko Constance ta gaya masa ni ce.
3. Ko sauran ranaku goma sha ɗaya da na rubuta a nunin daidai suke. Na sake duba tara.
4. Ko in zo da akwatin kwashe kayana ranar Litinin.

A sa ni a addu'a. Ki huta lafiya.

Umaima