Dama da Bishiyar

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan lafiya lau, in ka cire kaina da ya ɗaure.

Wani kwamiti ya tashi karrama tsofaffin sojojin yaƙin duniya na farko da ke kwance a maƙabartar garinmu. Za a kafa wa kowa allon dutse da sunansa, har da Kakanmu. Abu ɗaya suka nema: in nuna kabarin kafin Asabar. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, tunda Baba, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake in ka shiga, shi ne na dama da bishiyar.

Yaya, ashe an taɓa sauya ƙofar maƙabartar! Da tana gabas, yanzu tana yamma. Damar wanda ya shigo ta tsohuwar ƙofa ita ce hagun wanda ya shigo ta sabuwa, kuma kowane gefen bishiyar da kabari. Goggo ta rantse an sauya kafin a binne shi, washegari ta rantse bayan an binne ne. Mai gadin kuma bara ya kama aiki. Don Allah, ta ina muke shiga muna yara? Ka amsa da sauri.

Ƙanenka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar yara, amsarka ta iso. Wato duk zuwan da muka yi, tururuwar da ta cije ka kawai ka riƙe? Sannu da ƙoƙari.

Ranar Juma'a magini ya tsaya da siminti a kwaɓe yana kallona. Na roƙi a kafa allon a tsakiya, shugaban kwamiti ya ce tsakiya bishiya ce, kuma ita ba ta je yaƙi ba. Sai na runtse ido na nuna damar sabuwar ƙofa.

An yi taro, an busa begila, an sara wa Kaka. Har hawaye na yi. Da mutane suka watse, wani dattijo ya dogaro sanda ya durƙusa gaban allon yana shafa rubutun. Bai iya karatu ba. Ya kama hannuna yana ta godiya, wai mahaifinsa ne a nan, mai gyaran takalma, wanda ko yana raye ba a taɓa tashi tsaye dominsa ba. Ya tambaye ni me aka rubuta.

Yaya, ban san shi ya ruɗe ko ni ba, don shi ma ban tambaye shi ta wace ƙofa ya saba shiga ba. Na dubi ɗaya kabarin, ko tsinke babu a kansa, kuma wataƙila Kakanmu ne. Na dubi dattijon yana jira. Sai na ji bakina ya ce masa an rubuta cewa mutumin kirki ne.

Goggo na ta murna ubanta ya samu allo. Dattijon kuma ya ce zai kawo jikokinsa ranar Lahadi su gani, kuma jikokin 'yan makaranta ne. Ka faɗa mini abin yi.

Ka gaida kowa.

Ƙanenka da ya rasa dama da hagu,
Auta