Allurar Bature da Tamar Gonata

Zuwa ga Baturen awon ƙasa da ya sauka Jiga Makera da ranin bara,

Gaisuwa da girmamawa, ranka shi daɗe. Ni ne Ummaru maƙeri, wanda ka kora daga gabanka. Na sa a karanta takardar nan a kasuwar Jega, tun da a gaban jama'a aka ci mutuncina.

Na farko: ranar da kake yanka iyaka tsakaninmu da maƙwabta, ka bi allurar nan taka mai nuna arewa. Na ce da tafintanka akwai tama, wato dutsen ƙarfe, a ƙarƙashin tudun gonata, kuma tama tana jan ƙarfe. Kakana a nan yake haƙarta. Ba ka saurara ba. Iyaka ta karkace, ta cinye mini fadamar albasa.

Na biyu: ka ce allura ba ta kuskure, domin wani ƙaton maganaɗisu ne a cikin ƙasa yake jan ta. Ka kuma ce cikin ƙasa wuta ce wadda ta fi ta maƙera. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Na ɗauko guntun maganaɗisun da na gada, ka ga yana kama ƙusa. Na sa shi a wuta, na zuga har ya yi ja, na fito da shi da awartaki. Ƙusa ta ƙi kamuwa. Na tambaya: in zafi yana kashe shi a maƙerata, yaya zai rayu a waccan wutar? Ni a ganina wani abu ne ke motsi a can, kamar narkakken ƙarfe, shi ke jan allurar. Allah ne masani.

Na uku: maimakon amsa, ka ce tsafi na yi. Tun ranar, manoman Aliero da Maiyama suka daina kawo mini gyaran garma. Gidanmu ƙira muka gada, ba bokanci ba.

Roƙona biyu ne. A sake awon, a bi mafitar rana da mafaɗarta maimakon allura, a gaban dattawa. Sannan ka janye kalmar tsafi da bakinka. In kuwa kana da amsar tambayata, maƙerata a buɗe take. Zan hura wuta da hannuna, in saurare ka.

Allah shi ba ka lafiya, shi sa ka gama aiki da adalci.

Wassalam.

Ummaru Maƙeri, Jiga Makera