Sunan Matar Bature a Jikin Kukarmu

Zuwa ga Kapela, mijina, mai jan mayafi a gaban ayari, zumata ta farkon kaka, inuwata a tsakar rana, wanda tun da ya tafi tuwo ya daina yi min daɗi a baki. Gaisuwa daga Unyanyembe zuwa duk zangon da takardar nan ta cim maka a hanyar Ujiji.

Malam Sefu na kasuwar Tabora ne yake rubuta min. Ya ce in sassauta harshe, na ce rubutu na kawo masa ba sulhu ba. Na san tafintan Bature ne zai karanta maka, to ya buɗe murya da kyau.

Wata huɗu ke nan da ka shige gaba kana nuna wa Baturen nan hanyar da kakanninmu suka taka har ta gaji. Ban yi kishin hanya ba. Ban yi kishin matan zango masu sayar da giya da fari da ido ba, ko na yi ma kaɗan ne. Amma shekaranjiya Mdaki, ɗan dakon ayarinku, ya dawo da kumburarriyar ƙafa, ya zauna a ƙofata yana shan kununa, ya ce, "Matar yaya, an fa yi miki ƙwace. Tafkinki ya yi sabuwar uwar ɗaki."

Ka tuna tafkin, ko sai na tuna maka? Tafiyar kwana biyu daga gida, gindin dutse, inda babana yake rataye amya. A can ka same ni ƙudan zuma sun kumbura min ido, ina wanke fuska ina zagi. Ka yi ta dariya, sannan ka tsuguna ka shafa min laka mai sanyi. A ƙarƙashin kukar da ke bakin tafkin ka ce daga yau ruwan nan sunana ne sunansa. Ka rera shi a rawar girbi, makiyaya suka ɗauka, yau ko yaron goye ya san tafkin wace ce. Wace mace a ƙasar nan aka taɓa yi wa kyautar ruwa in ba ni ba?

Mdaki ya ce da kuka isa, Bature ya cire hula, ya yi ta murna wai shi ne ɗan Adam na farko da ya ga wurin. Alhali shanu suna sha a gabansa, mata uku suna wanki a gefe. Ya sa tafinta ya tambaye ka ko ruwan yana da suna. Kai kuma, Kapela, mai muryar da take tayar da mutum ɗari daga zaune, ka yi shiru. Shi ke nan ya zaro wuƙa ya sassaƙa sunan matarsa a jikin kukarmu, ya kuma rubuta a littafinsa.

Hariyet. Na sa Mdaki ya maimaita har sau uku, kowane karo sai na ji kamar na tauna tsakuwa a tuwo. Wace ce ita? Ta taɓa sa ƙafa a ruwan nan? Ta san gefen da matsattsaku suke? An ce tana can bayan teku, ko zufa ba ta taɓa yi don tafkin ba, ga shi an ɗora ta a inda ka fara taɓa fuskata. An ce kuma hotonta yana cikin akwatin da kai da kanka kake tsaro. Ka leƙa? Faɗa min gaskiya, ka leƙa, ko? Ina kishinta, Kapela, kishi mai hana ni daka. Ina kishin mijinta ma, da ya iya kiran tasa a gaban jama'a, nawa ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na shigo wurin Malam Sefu da niyyar in ce maka ka je ka tsaya gaban Baturen, ka faɗi sunana da ƙarfi har ya goge na waccan. Na ma sa an rubuta sunan a sama da manyan baƙaƙe.

Sai maganar Mdaki ta ƙarshe ta dawo min. Ya ce, "Mijinki fa ya buɗe baki, matar yaya, na gani da idona. Sai ya cije leɓe har jini."

Ni da na tashi a gidan fatake, yaya aka yi na manta? Namiji ba ya kiran sunan matarsa a hanya, ba a kuma kira a gabansa, sai ya tako ƙofar gida. Kawunka ya kira na tasa a zangon Ugogo, cikin raha, har yau bai dawo ba, tabarmarsa tana naɗe. Ashe tafkin ka bayar don ka dawo min.

Na sa malam ya kankare sunan. Ramin da ka gani a saman takarda, ni ce. Kada tafinta ya yi kuskure ya karanta, ni da hannuna in rufe maka hanya.

Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Ranar da ka dawo za mu je gindin kukar nan da gatari, kai za ka sare ɓawon, ni ina tsaye. Amma kafin nan ka bar mata tafkin, ka bar mata littafin. Ko mijinta ya tambaye ka sau dubu, ka ci gaba da cije leɓe, zumata. Ka riƙe sunana a bakinka har ƙofar nan, ina zaune a bayanta, ba zan amsa kiran kowa ba sai naka.

Taka har ƙasa ta rufe min ido,
wadda ka sani.