Rigar Shago a Bidiyon Sadiƙu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Yaya jikin Inna, da maigida da yara? Mu nan Madina lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Maganar ƙaninmu Sadiƙu ce, da waƙoƙin nan nasa na rap mai ihu da jita. Ranar Juma'a shi da abokansa suka je Khaibar ɗaukar bidiyo a gonar dabino, ashe bai cire rigar shagon da yake aiki a titin Sultana ba. Ga sunan shagon ɓaro-ɓaro a ƙirjinsa! Jiya kafil ɗinsa, wato ubangidansa mai shagon, ya ga bidiyon a intanet, ya ce garin Manzo ba wurin ihu ba ne. Iƙamarsa, takardar izinin zama, saura wata ɗaya ta ƙare, kuma sai da yardar mutumin za a sabunta.

Na ce wa Sadiƙu, "Ka goge, ka ba shi haƙuri."

Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ba zan goge ba."

Na kunna bidiyon don in sami abin yi masa faɗa. Yaya, muryar Sadiƙu muryar Baba ce sak, yadda yake jan kiran salla. Sai na fasa faɗan.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da kowa. Amma kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Hajara