Inda Baro Ya Shiga, Kekenka Zai Shiga

Zuwa ga aminina Malam Isiyaku, a Funtuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan jiki yana ƙara sauƙi, na rubuto maka ne a nan zaurenmu na intanet, tunda ka daina ɗaga wayata. Na san yaran ƙungiya suna karantawa. Su karanta.

Ban manta taron bara ba. Mu da muke rubuta ilimi da Hausa a intanet don Allah, aka kwashe mu zuwa wani otal a Abuja, hawa na uku, lifta a mace. Ka wuni a ƙasa kan keken guragu, kusa da mai gadi, ana ta tafi a sama. Kai da ka gyara rubutun rabin masu tafin. Ka ce min, "Bar su, Bala, so suka yi su burge." Amma da za ka shiga mota ka ce ka gama zuwa taro.

Ka san ni. Na karanci safiyo, na ƙare ƙuruciyata ina auna filayen da aka raba wa waɗanda ba su taɓa taka su ba. Na daɗe da daina sa rai da kowa.

Sai ga yaran nan bana har ƙofar gidana, sun durƙusa, wai in zaɓa musu wurin taro a Kaduna.

Na ari baron maƙwabcina, na ɗora buhun masara da na ƙiyasta ya kai nauyinka, sai dai shi ba ya gardama. Duk wurin da aka ambata, sai na gwada tura shi daga bakin titi har ƙofar bayi. Wani a Unguwar Sarki ga sanyi ga kujeru masu laushi, amma matakala bakwai. Manajan ya ɗauka cefane na kawo, ya nuna min ƙofar baya.

A Hayin Banki baron ya shiga. Ɗakin wata Islamiyya ne, a ƙasa, ƙofa mai faɗi. Malamin ya ce Alhamis da Juma'a babu karatu, mu yi taronmu, mu share, mu mayar masa da tabarminsa. Daga tashar Kawo da ƙafa ma ana zuwa. Baƙi kuma 'yan kasuwar unguwa sun raba su a gidajensu. Ɗan tudu ɗaya ne a bakin ƙofa, na sa kafinta ya yi masa gangare. Sau uku na gwada.

Isiyaku, ka san ba na roƙon kowa. To, ina roƙonka. Ka zo. Ni zan tarbe ka a tasha, ni zan tura ka, hannuna ya riga ya saba. Masarar ma tana nan, an kai niƙa, tuwonka ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya kawo min kai Kawo lafiya. Amin.

Naka har kullum,
Bala.