Dalilin Fushin Gwaggonku

'Ya'yana, ciwo ya ci jikina amma bai taɓa hankalina ba. Da sanina nake wannan rubutu. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da hannun tela.

Na ɗaya. Keken ɗinki na babbarku ne, almakashi na auta in ya isa riƙe ƙarfe. Mamanku ta adana muku.

Na biyu, batun gwaggonku. Za ku ji an ce mun ɓata. Ga yadda aka yi.

A asibiti ita ke haɗa ruwan maganin ciwon dajin da ake ɗaura mini. Wata rana aka bar ni na leƙa ɗakin da take haɗawa ta gilashi. Safa biyu a kowane hannu, ɗaya ƙarƙashin hannun riga, ɗaya ta hau kansa, ko tsintsiyar hannu ba a gani. Fuska a rufe, hannuwanta cikin wani akwati mai zuƙe iska. Duk don kada ɗigo ɗaya ya taɓa ta. Ni kuwa leda guda ake ɗura mini a jijiya. Ikon Allah, abin da mai lafiya ke gudu, shi ke riƙe da ni. Na daɗe tsaye kamar an dasa ni.

Ana nan ta kawo rigunanta in saki ƙugu, wai ƙiba ta yi. Ba a ɓoye wa tela ciki. A dokar ɗakinsu mai juna biyu ba ta shiga don maganin na yi wa ciki illa, ita kuwa shekara bakwai tana neman haihuwa. Ta yi shiru ne don kada maganin yayanta ya bi ta hannun wani.

Na je na gaya wa shugabansu, aka mayar da ita taga tana miƙa ƙwayoyi. Ta sa mini suna Gidan Rediyo. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na uku. In na tafi, za ta ce da ita ke haɗawa da na tashi. Kada ku bar ta da wannan nauyi. Wanda ya gaje ta sau biyu yake duba sunana, ina kallonsa. Kwana ne ya ƙare.

Na huɗu. Abin da za ta haifa ƙaninku ne, kwanonku ɗaya. Kada kowa ya goranta masa.

Allah ya yi muku albarka, ya sauke ta lafiya. Ku riƙe juna. Ku fara zuwa gidanta, don ita kunya za ta hana ta zuwa.