Damin Geron Gidan Abatcha

Nguru, 4 ga Oktoba, 1998

Assalamu alaikum Hajja amaryata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. A gaida Inna Safiyatu mai karanta miki.

Ba kewaye-kewaye. Baba ya ce in kai damin gero na fari gidan su Alamin, zuriyar Abatcha, kamar kowace kaka. Na ce wallahi ba ni zuwa. Na tsinci wani tsohon littafin Turanci wurin mai tsire yana shirin yage shi, na yi wata biyu ina fama da shi da ƙamus. An rubuta cewa ranar da Nasara suka ƙone Gajimma, garin kakanninmu, 'yan dako ne suka ɗauko musu harsashi. Kowa kuwa ya san Abatcha ɗan dakonsu ne. Na faɗa wa Alamin a gaban jama'a, na kira shi jikan mai ɗaukar harsashi. Tun ranar bai ƙara kallona ba.

Mu da muka tashi muna kamun tarwaɗa tare, muna tsere da jirgin ƙasa har ya bar mu! Amma su ci garinmu su ci geronmu? Ki tsawata wa Baba.

Naki,
Mu'awiya

Gashuwa, 15 ga Oktoba

Wa alaikumus salam angona mai bakin barkono,

Ƙafa da sauƙi, kai ne ciwon. Ka tambayi takardar mai tsire, ba ka tambayi tsohuwa ba.

Babana Lawal yana wata bakwai ranar da aka ƙone Gajimma. Ubansa ya faɗi a ƙofar gari da baka a hannu, uwarsa ba a sake ganinta ba. Abatcha kuwa a hanya Nasara suka kamo shi dako, da igiya a wuya. Ya ji kuka bayan wani rumbu, ya juye harsashin akwatinsa cikin rijiya, ya sa jaririn a akwatin ya aza a ka. Kwana biyu yana cikin layin 'yan dako, in an tsaya ya tauna gero ya ɗura masa. Da kuka ya tona asiri, suka zane Abatcha, har ya mutu bai ƙara kwanciya da baya ba.

Na ga tabon da idona. Ina yarinya yakan zauna gindin kurna a tashar Nguru, gyaɗa tsibi-tsibi, garin yana ƙamshin ƙuli. Ya kira ni 'yar akwati, ya ba ni dabino. Kai, duniya!

Geron da ya tauna muke mayarwa. Shi ya hana a faɗa. Ya ce akwatunan da ya ɗauko kafin wannan sun kashe mutane, kada kowa ya yabe shi. Yau na saɓa masa saboda kai.

Allah ya shirye ka.
Kakarka, Hajja Gumsu

Nguru, 22 ga Oktoba

Assalamu alaikum Hajja,

Shekara ashirin da huɗu kuna kallona ina haushi, ba wanda ya ce uffan! To, na kai damin. A ka na ɗauka, ban ɗora a keke ba. Mahaifiyar Alamin ta karɓa, ta ce, "Bana kun makara, ɗan nan," ta ba ni ruwa. Alamin ya koma Machina wurin kawunsa mai dabbobi, wai Nguru ta ishe shi.

Na rubuta masa wasiƙa uku, duk na yage. Bakina bai iya wannan ba. Don Allah ki faɗa wa Inna Safiyatu abin da zan ce, in kwafa.

Jikanki,
Mu'awiya

Gashuwa, 30 ga Oktoba

Salamu alaikum Mu'awiya,

Ba abin da zan faɗa maka. Ka shiga motar Machina ranar kasuwa, ka same shi a cikin dabbobi, ka zauna kusa da shi ka yi shiru. Shi ne abin da bai taɓa ji daga gare ka ba.

Allah ya kiyaye hanya.
Hajja